Darasi: Ranar da ƙungiyar mata ta cika shekaru

Ƴan uwa masu karatu, darasin yau na mata ne. Amma maza su ma su saurara, don abin da ya shiga tukunyar uwargida, gida duka ke cin shi.

Cikin garuruwa da yawa na jihohin Maraɗi, Damagaram, Tawa da Doso akwai ƙungiyoyin mata na asusu. Waɗansu sun yi shekara 10. Waɗansu sun yi 20. Waɗansu ma sun wuce 30. Yarinyar da aka goya ranar da aka fara zubi, yau ita ma tana goye da ɗanta. Ƙungiyar da ta kai haka ta cancanci biki. To amma biki iri biyu ne. Akwai wanda ke ƙara wa ƙungiya ƙarfi. Akwai wanda ke kashe ta. Wannan darasi zai nuna bambancinsu.

1. Mafarin abin

Haɗa kai ba baƙon abu ba ne wurin matan karkara. Tun kaka da kakanni suna yin adashi. Kowace ta zuba, ɗaya ta kwashe, a haka har layi ya zagayo. Suna kai wa juna gudummuwa ranar suna da ranar aure. Suna yin gayyar sussuka da daka. Cikin 1975 aka kafa Ƙungiyar Matan Nijar, ta yi rassa har cikin ƙauyuka.

Cikin 1991 aka ga wata sabuwar dubara a jihar Maraɗi. Ƙungiyar agaji ta CARE, tare da wata ma'aikaciyarta ƴar ƙasar Norwai mai suna Moira Eknes, ta zauna da matan ƙauye. Suka ɗauki adashin gargajiya suka gyara shi. Aka sa wa abin suna Mata Masu Dubara.

Ga yadda yake. Mata kamar 20 ko 30 su haɗu, waɗanda suka san juna, suka yarda da juna. Kowane mako su taru, kowace ta zuba abin da aka yanke. Kuɗin su shiga akwatin ƙarfe mai kwaɗo 3. Mata 3 ke riƙe da makullai, ta 4 ke ajiye akwatin. Ba a buɗe shi sai gaban kowa. Mai bukata ta ɗauki rance, ta juya, ta maido da ƙarin da ƙungiya ta yanke. Ƙarshen shekara a raba uwar kuɗi da riba. Bayan haka a sake sabon zubi.

Ba wanda ya kawo kuɗi daga waje ya zuba cikin akwatin. Dalar mata ce ta haifi dala. Shi ya sa abin ya yi ƙarko. Daga Maraɗi ya bazu cikin sauran jihohin Nijar. Daga Nijar ya tsallaka ƙasashe da yawa na Afirka, har da na wasu nahiyoyi. Dubarar da aka fara bisa tabarma a ƙauyen Hausa ta cika shekara 25 cikin 2016, ta cika 30 cikin 2021.

2. A fara sanin shekarun ƙungiya

Kafin a ce biki, sai a san shekara nawa aka yi. Lissafin ba wuya. A ɗauki shekarar da ake ciki, a cire shekarar da aka fara zubi. Misali:

2021 − 1991 = 30
2025 − 2000 = 25

Amma sau da yawa ba a rubuta ranar farko ba. Matan da suka kafa ƙungiya ba su yi karatu ba. Da ka suka riƙe lissafi. To, sai a nemi tsofaffi a tambaye su: me ya faru cikin ƙasa lokacin da aka fara? Ga waɗansu abubuwa da za su taimaka:

1991: shekarar babban taron ƙasa na Yamai.
1994: shekarar da aka karya darajar kuɗin sefa, cikin watan Janairu, kaya suka yi tsada.
2004: shekarar fari da fara, kuma shekarar zaɓen ƙananan hukumomi.
2005: shekarar ƙarancin cimaka da ta biyo baya.
2006: shekarar husufin rana, cikin watan Maris.
2020: shekarar cutar korona.

Idan tsohuwa ta ce an fara zubi damina 2 bayan karyewar sefa, to 1996 ke nan. Akwai wata hanya kuma. A nemi yaron da aka haifa shekarar da aka fara, a duba takardarsa ta haihuwa ko ta lakkol. Idan tsofaffi 3 suka dace kan shekara guda, sai a rubuta ta cikin kaye, a huta da gardama.

3. Me ya sa ake yin bikin?

Ba don cin shinkafa kawai ba ne. Dalilai 4 ne.

Na farko, godiya. Ƙungiyoyi da yawa sun fara, sun watse. Wata rigima ta raba ta. Wata bashi ya cinye ta. Wadda ta tsaya shekara da shekaru, sai ta gode wa Allah, ta gode wa waɗanda suka riƙe ta.

Na biyu, tunawa. Matan farko suna tsufa. Waɗansu sun riga mu gidan gaskiya. Kowace tsohuwa da ta tafi, ta tafi da labarin da ke cikin kanta. Idan ba a ɗauke shi yanzu ba, ba za a sake samunsa ba.

Na uku, lissafi. Waiwaye adon tafiya. Ƙungiya ta duba baya: me aka samu? Ina aka yi kure? Wace doka ce ta tsufa?

Na huɗu, gado. Ƙungiyar da ba ta da ƴan mata a cikinta kamar rumbu ne da ba a ajiye iri ba. Ranar biki ita ce ranar da ake jawo matasa.

4. Doka ta farko: kada a taɓa akwati

Nan ne ake faɗuwa. Biki ya matso, zuciya ta ɗauki zafi. Wata ta ce a yanka sa. Wata ta ce a yi anko. Wata ta ce garin maƙwabta sun ɗauko makaɗa daga birni, kada a bar su su fi mu. Sai a ce a ɗan ɗiba cikin akwati, a maida daga baya. Wannan "daga baya" ba ta zuwa.

A yi lissafi a gani. Wannan misali ne kawai, kowace ƙungiya ta sa nata adadi.

Mata 25 ne. Kowace tana zuba dala 20, wato 100 F, kowane mako.
Zubin mako guda: 25 × 100 F = 2.500 F.
Zubin shekara guda, mako 52: 2.500 F × 52 = 130.000 F.

To, a ce an yanke yin anko, zanen kowace mace ya kama jikka 5, wato 5.000 F.
Kuɗin anko: 25 × 5.000 F = 125.000 F.

A cire: 130.000 F − 125.000 F = 5.000 F.

Ga shi nan a fili. Zane kaɗai ya cinye wahalar shekara guda. Ba a sayi gishiri ba tukuna. Rana guda aka yi ado, amma idan damina ta faɗi babu kuɗin iri, babu na taki. Mai tuyar ƙosai ba ta da jari. Wadda ɗanta ya kwanta da zazzaɓi ba ta da na zuwa likita. Daga nan gunaguni ya fara, daga gunaguni sai watsewa.

Ga hanyar da ta fi. A buɗe zubin biki dabam, tun da sauran lokaci. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Kowace mace ta ƙara dala 5, wato 25 F, kowane mako, har mako 20.
Na mace guda: 25 F × 20 = 500 F.
Na mata 25: 500 F × 25 = 12.500 F.

Bayan haka kowace ta kawo tiya guda ta hatsi lokacin kaka. Tiya 25 ke nan, ta isa fura da tuwo. Mai kuɓewa ta kawo kuɓewa, mai man gujiya ta kawo mai, mai itace ta kawo itace. Kuɗin da aka tara su tafi wajen nama, goro, sukari da kaye sabo. Idan ana son alama guda, ɗankwali ya isa. Kada a tilasta wa kowa. Gwauruwar da ba ta da hali ita ma ƴar ƙungiya ce. Bikin da zai sa ta ɓuya cikin ɗaki don kunya bai yi amfani ba.

5. Zaɓen rana

Lokacin da ya fi dacewa shi ne bayan kaka, hatsi ya shiga rumbu, aikin gona ya yi sauƙi. Kada a sa ranar kasuwar gari, ko ta kasuwar da mata ke ci kusa. Kada a haɗa da aure ko suna. A sanar da maigari da liman tun da wuri.

Waɗansu ƙungiyoyi suna iya zaɓen 13 ga watan Mayu. Ranar tana da tarihi. Ran 13 ga Mayu 1991 matan Yamai suka fito suka yi jerin gwano, don an ba su wuri kaɗan ƙwarai cikin kwamitin shirya babban taron ƙasa. Suka ce ba su yarda ba, aka ƙara masu kujeru. Daga baya aka maida ranar ta zama ranar matan Nijar. Sai dai watan Mayu zafi gare shi, kuma rumbu ya fara yin ƙasa. Ƙungiyar da ta zaɓe shi ta yi taro da sanyin safiya, ta taƙaita kashe kuɗi.

Abu guda kuma: ya kyautu a gama karɓar basusuka, a yi rabon shekara, sannan a yi biki. Ba a rawa da bashi a wuya.

6. Rabon aiki

Kada shugaba ta ɗauki kome a kanta. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A kasa aikin kashi 4:

Masu kuɗi: mata 2 su riƙe zubin biki, su faɗi abin da ya shiga da abin da ya fita gaban kowa.
Masu abinci: su kula da daka, ruwa, itace da tsabta. Ruwan sha ya zama na fanfo ko na rijiya mai murfi. A ajiye buta da sabulu wurin cin abinci.
Masu baƙi: su kai goron gayyata, su tanadi tabarmi da inuwa.
Masu tarihi: su zagaya wurin tsofaffi su ɗauko labari. Nan ne aikin ƴan makarantar yaƙi da jahilci.

7. Kayen tarihi

Wannan shi ne babban aikin biki, kuma shi ne mafi araha. Kaye guda da alƙalami sun isa. Mace 2 ko 3 da suka iya rubutu su je gidan kowace tsohuwa, su gaishe ta, su zauna. Kada su yi gaggawa. Su tambaye ta:

Su wa suka fara? A gidan wa aka yi zaman farko?
Nawa ne zubin farko?
Me maza suka ce da farko? Wa ya goyi baya?
Wace shekara ce ta fi wuya? Yaya aka fita?
An taɓa yin rigima? Wa ya sasanta?
Me ƙungiya ta saya ko ta gina?

A rubuta da kalmomin tsohuwar, yadda ta faɗa. Mai wayar salula ta ɗauki muryarta, idan ta yarda. A shafi na farko a jera sunayen matan da suka kafa ƙungiya, masu rai da waɗanda suka rasu. A shafi na biyu a jera shugabanni, ma'ajiya da masu makulli, kowace da shekarunta.

Sannan a ƙidaya amfanin da aka samu. Ba kuɗi kaɗai ba. A zaman mako, a tambaya, mata su ɗaga hannu, a rubuta:

Mata nawa suka sayi akuya ko tunkiya da rancen ƙungiya?
Mata nawa suka fara sana'a?
Yara nawa aka saya wa kayan lakkol?
Marasa lafiya nawa aka kai likita?
Mata nawa suka koyi rubuta sunansu?
Mata nawa suka sami takardar haihuwa ko katin ɗan ƙasa?

A faɗi gaskiya. Kada a ƙara don a burge baƙi. Asarar da aka yi ita ma a rubuta ta, ba tare da tona asirin kowa ba. Na baya za su koya daga gare ta.

8. Tsarin ranar

Da safe a share dandali, a shimfiɗa tabarmi. Tsofaffin da suka kafa ƙungiya su zauna gaba, cikin inuwa mai kyau. Ranar tasu ce. Kada a ba baƙi kujeru a bar su a ƙasa cikin rana.

Liman ya buɗe da addu'a. A karanta sunayen waɗanda suka rasu ɗaya bayan ɗaya, a roƙa masu gafara. Maigari ya yi maraba. Shugaba ta yi magana kaɗan. Sannan wata ƴar ƙungiya ta tashi ta karanta kayen tarihi da bakinta. Ko da tana tuntuɓe cikin karatu, a bar ta ta kai ƙarshe. Jama'a su ga macen garinsu riƙe da takarda tana karantawa. Wannan kaɗai zai sa waɗansu su shiga makaranta.

Bayan haka a ba mata 2 ko 3 dama su faɗi abin da ƙungiya ta yi masu. A fito da akwatin farko, idan yana nan, yara su gan shi. A yi wa tsofaffi kyauta daidai hali: goro, sabulu ko ɗankwali. A gode wa mazan da suka bar matansu suna zuwa taro. A ci abinci. Da la'asar a yi kiɗan ƙwarya da guɗa. A tashi kafin magariba, baƙi su koma gida da haske.

9. A yi hattara da baƙi masu alheri

Inda mata suka taru da yawa, masu neman suna ba su rasa zuwa. Wani zai ce shi zai ɗauki nauyin biki duka. Kyauta ba laifi ba ce. Amma a karɓe ta gaban kowa, a rubuta, kuma kada ta zo da sharaɗi. Ƙungiya ta mata duka ce, kowace da ra'ayinta. Ranar da ta zama ta mutum guda, rabin mata za su janye.

Wannan ba ya nufin mata su guji sha'anin gari. Cikin 2000 aka yi dokar da ta ware wa mata kaso cikin kujerun zaɓe, kashi 10 cikin 100. Cikin 2019 aka ɗaga shi zuwa kashi 25. A zaɓen 2004 da na 2011 an sami matan asusu da suka zama ƴan majalisar ƙaramar hukuma. Bisa tabarmar zubi suka koyi magana gaban jama'a. Amma da ƙafarsu suka je, ba a saye su da buhun shinkafa ba.

Haka kuma a kiyayi mai zuwa da daɗin baki, ya ce a ba shi kuɗin akwati ya ninka su. Kuɗin ƙungiya ba su kwana hannun wanda ba ɗan ƙungiya ba.

10. Washegari

Biki ya wuce, aiki ya saura. A zaman da ya biyo baya, masu kuɗi su kawo lissafi: abin da aka tara, abin da aka kashe, abin da ya rage. Ko dala guda ce a faɗe ta.

Sannan a duba dokoki. Zubin da aka yanke shekara 20 baya, ya dace da yau? Tarar makara tana aiki? Akwai asusun taimako na rashin lafiya, haihuwa da mutuwa, dabam da na rance? Shugabanni sun daɗe ba a sake zaɓe ba? Wadda ta gaji ta sauka da mutuncinta, ta zama mai ba da shawara. A sa yarinya kusa da ma'ajiya ta koyi ƙidaya. Idan ƴan mata sun yi yawa, a taimake su su kafa tasu ƙungiya, da akwatinsu da makullansu.

A ƙarshe a ɗauki alkawali guda, wanda za a iya cikawa kafin shekara ta zagayo. Misali: a sayi hatsi lokacin kaka yana araha, a ajiye, a sayar wa ƴan ƙungiya da sauƙi lokacin bazara da damina. Ko a dasa itatuwa adadin shekarun ƙungiya, kowace mace ta riƙa ba nata ruwa. Ko a ce kowace ƴar ƙungiya ta iya rubuta sunanta da karanta lambobi. Alkawali guda da aka cika ya fi 10 da aka faɗa gaban baƙi.

Kayen tarihi kuwa a naɗe shi cikin leda saboda gara da ruwa, a sa shi cikin akwati tare da kuɗi. Kowace shekara ranar rabo a ƙara shafi guda. Idan ƙungiya ta cika shekara 50, jikoki ba za su sha wahalar tambaya ba.

Tambayoyi don tattaunawa

1. A wace shekara aka fara Mata Masu Dubara? A wace jiha?
2. Me ya sa akwati ke da kwaɗo 3?
3. Ƙungiyar da aka kafa cikin 1996, shekara nawa ta cika cikin 2021?
4. Mata 30 suna zuba dala 10, wato 50 F, kowane mako. Nawa za su tara cikin mako 20?
5. Me ya sa bai kamata a ɗibi kuɗin biki cikin akwati ba?
6. Akwai ƙungiyar mata a garinku? Su wa suka kafa ta?

Aikin gida

Kowa ya je wurin tsohuwa guda ta garinku, ya tambaye ta yadda mata ke taimakon juna lokacin ƙuruciyarta. Ya rubuta layi 5 cikin kayensa, ya kawo makaranta a karanta wa jama'a.